Ramukan da ke Gindin Ganuwa

Karo na biyu da katangar bayan asibitin unguwa ta faɗi, Magini yana tsaye a wurin. Da la'asar ne, an kwana biyu ruwa na zuba yana tsagaitawa, shi ya sa ya ɗauki laima ya je duba aikinsa. A kan idonsa tsakiyar katangar ta yi ciki kamar tulu, tsaga ta taso daga ƙasa ta keta layin bulo bakwai, sannan ta kwanta a hankali. Jar ƙasa ta biyo bayanta, ta cike lungun da ake shanya zannuwan gado, ta tsaya daf da tagar ɗakin haihuwa. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo.

A gindin gangare aka gina asibitin. An yanke ƙasa an daidaita fili, don haka dole a sami katangar da za ta tokare tudun da ke sama. Tsawonta ƙafa tamanin ne, tsayinta ya ɗara na mutum. Da ta faɗi bara, Magini ya ɗora laifin a kan siminti. Da ya tashi sake ta ya yi bulo biyu-biyu, ya cika cikinsu da kankare, ya zuba rodi ba tausayi. Shekara talatin da ɗaya yana riƙe da cokalin gini, kuma duk unguwar an san ba ya ha'inci a aiki.

Sista, babbar nas ɗin da ke shugabantar asibitin, ta fito ta tsaya ta dubi ɓarnar. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi yi masa ciwo ke nan. Ta ce kwamitin asibiti zai zauna nan da mako uku, kuma ba ta ga yadda za a yi a sake ba shi aikin ba. Ya ce ya ji, amma a bar shi ya kwashe ƙasar da leburorinsa, sannan a ba shi dama ya tsaya gaban kwamitin.

"Ba alƙawari nake so ba," in ji Sista. "Bara ka yi mini shi. Ka zo ka gaya mini abin da ya kayar da ita. In ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba."

Ya koma gida. Maiɗakinsa ta ajiye masa abinci, ya buɗe ya rufe. Ta ga haka ta koma kan kekenta na ɗinki, don ta san shi: in abu ya tsaya masa a rai, lallashi ƙara masa zafi yake.

Washegari taubashinsa ya zo. Tsohon direban babbar mota ne da ya ajiye aiki, ana kiransa Ba-Birki saboda in ya fara magana sai dai a tashi a bar shi. Tun daga ƙofa ya fara cewa ya zo ganin gwanin da ke gina katanga mai ladabi, wadda da ta ga ruwa sai ta durƙusa ta gaishe shi. Ya ce shekara ashirin ya yi yana bin hanyar da ta ratsa gindin dutsen nan mai tsohuwar ganuwa a kai, kuma bai taɓa ganin ganuwar ta gaida kowa ba, alhali waɗanda suka gina ta ko buhun siminti ba su taɓa gani ba.

Shi tsokana yake yi. Amma Magini ya ajiye kofin shayinsa ya tambaye shi ko motarsa tana tashi. Tun yana yaro yake hango ganuwar daga nesa in tafiya ta bi da shi ta wajen, bai taɓa tunanin hawa ba. A ganinsa wurin 'yan makaranta ne da masu ɗaukar hoto.

Tafiyar awa biyu ce. A gindin dutsen akwai rumfar karɓar baƙi da allon da aka rubuta cewa matakala ɗari huɗu da sittin ne zuwa sama. Magini yana da gwiwar da ta taɓa gocewa lokacin da katakon da yake tsaye a kai ya karye a wani gini, tun daga nan ba ta son hawa. Ya ɗaure ta da tsumma ya kama hanya. A ƙofar ganuwa ta farko Ba-Birki yana ta zuba, a ta biyu ya yi tsit, ya zauna a inuwa yana haki, ya ce shi tarihin da ya gani ya ishe shi, a gaishe masa da na sama. Magini ya ci gaba shi kaɗai, yana hawa ashirin yana hutawa.

A saman ya tarar da Malama, jami'ar da ke zagayawa da baƙi, tana jawabi ga wasu mutane kamar goma. Mace ce mai gilashi, ba ta da tsawo, tana riƙe da ɗan littafi da duk gefensa ya naɗe. Ya bi bayansu. Ta ce mutanen kwarin da ke ƙasa ne suka gina wurin, shekaru ɗaruruwa da suka wuce, saboda mahara sun hana su sakat. Ta nuna musu zobba uku na ganuwa, da ƙofar da aka karkatar yadda mutum biyu ba sa iya shiga a jere, da rumbunan da aka sassaƙa a cikin dutse, da tafkin da ke tsakiya. Ta ce an taɓa yi musu ƙawanya wata bakwai, maharan ne suka fara jin ƙishi suka watse.

Ana cikin haka ta waiga ta ga mutum ɗaya ya ɓace. Ta same shi durƙushe a gindin ganuwa ta uku, ya zura hannu har kafaɗa cikin wani rami. Ta ce masa an hana taɓa gini. Ya zaro hannun ya ba ta haƙuri, ya tambaye ta amfanin waɗannan ramuka da ke jere a tsayin gwiwa, kowane taki uku akwai ɗaya. Ta ce ta nan ake harbo kibiya a ƙafafun abokan gaba, haka masana suka rubuta.

"Ranki ya daɗe, ƙasa ce a bayansu," in ji Magini. "Wa zai kwanta cikin ƙasa ya yi harbi?"

Ta ce mai yiwuwa daga baya ƙasar ta cike wurin. Ya nuna mata cewa ramin gangarowa yake yi zuwa waje, kuma dutsen da ke bakinsa ya yi santsi, ga gansakuka a ƙarƙashinsa. Ya ce shi a ganinsa rariya ce, irin wadda ake bari a gindin katangar gida don ruwa ya fita. Malama ta gyara gilashinta ta ce shekara tara tana aiki a nan, ba ta taɓa ganin ɗigon ruwa ya fito daga ciki ba. Da ya matsa, sai ta yarda cewa ba ta taɓa zama a sama ana ruwa ba, domin doka ce da hadari ya haɗu a sauke kowa a rufe ƙofa, saboda santsin matakala. Ya roƙi a bar shi ya tsaya ran da za a yi ruwa. Ta ce ko ɗan uwanta ne ba za ta bari ba.

Kafin ya sauka ya ciro zarensa mai ɗan ƙarfe a baki, ya sake shi daga saman ganuwar ba tare da ya taɓa ta ba. Ganuwar ba a miƙe take ba. Jingine take da dutsen, kowane kamu ɗaya tana komawa baya da yatsa huɗu. Tasa kuwa ya tsayar da ita cak kamar soja, har yana alfahari da hakan.

Bayan kwana uku ya koma tare da Ba-Birki. Suna isa hadari ya taso, aka rufe ƙofar ƙasa a gabansu, suka zauna cikin mota ruwa na dukan rufi, Ba-Birki yana ba shi labarin duk tayar da ta taɓa fashe masa. Sai Magini ya sake dabara. Ya fara sammako, ya hau tun sama na garau, ya zauna a zauren ƙofa ta uku da burodinsa da gorar ruwa yana jiran hadari ya same shi a can. Ran farko rana ta ƙwalle har yamma. Rana ta biyu aka yi yayyafin da bai jiƙa riga ba. Gwiwar ta kumbura ta yi kamar ƙwarya, maiɗakinsa tana gasa masa ita da ruwan zafi tana cewa ita ba ta hana shi ba, amma ya tuna katanga ana sake ta, ƙafa kuwa ba a sayar da ita a kasuwa. Ya ce ya ji. Da safe ya nemi tsummansa, ya tarar ta ɗinka masa maɗauri mai maɓalli.

A hawa na huɗu Malama ta daina yi masa kallon mai taurin kai. Da baƙi suka ragu ta ce ya biyo ta, ta kai shi bayan ganuwa inda ba a kai kowa, wurin da wata bishiya ta tsiro ta ture wani sashe shekarun baya. A nan cikin ginin a buɗe yake. Magini ya matsa kusa ya leƙa. Manyan duwatsu ne a fuska, a bayansu masu girman dunƙulen hannu, a bayan waɗannan tsakuwa, sai can ƙasar tudu. Jefi-jefi an kwantar da dogon dutse ya ratsa duka ya shige cikin tudun kamar ƙusa. Babu laka, babu wani abin liƙi. Ya zana komai a bayan takardar siminti da ya yago ya zo da ita.

Ta nuna masa wasu alamu da aka sassaƙa a kan manyan duwatsun, wata kamar tsani, wata kamar ƙafar kaza. Ta ce har yau ba a san ma'anarsu ba. Ya bi su da ido, ya ga mai ƙafar kaza ya tsaya a wata kusurwa, mai tsani ya karɓa daga nan. Ya ce in dai magina irin na yau ne, to kowa alamar inda aikinsa ya ƙare ya sa, don in wuri ya lalace a san wanda za a kira. Ya ce mai ƙafar kazan nan ya fi haƙuri, dubi yadda yake haɗa baki da baki. Malama ta ciro biro ta rubuta a gefen littafinta.

Saura kwana huɗu zaman kwamiti ya yi hawa na shida. Wannan karon Ba-Birki ya rantse sai ya ga abin da ke cinye masa mai, ya hau yana tsine wa matakala ɗaya bayan ɗaya, ya iso sama ya kwanta rigingine a zaure. Ba baƙo ko ɗaya ran nan. Wajen azahar iska ta juya, gabas ta yi baƙi ƙirin cikin ɗan lokaci. Malama ta ce su tashi su sauka. Suna kaiwa bakin matakala ruwa ya kece, ta dubi santsin dutsen, ta dubi gwiwar Magini da tumbin Ba-Birki, ta ce sauka yanzu ta fi zama haɗari. Suka koma zaure.

Daga ƙofar zauren ana ganin gindin ganuwar har inda ta lanƙwasa. Magini ya tsuguna ya zuba wa ramukan ido. Ruwa ya yi ta zuba, minti goma, minti ashirin, ramukan a bushe. Ba-Birki ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi fuskar taubashinsa ya fasa. Magini ya fara lissafin abin da zai ce wa Sista. Ya yanke cewa zai je ya ce bai sani ba, kamar yadda ta nema.

Sai rami na uku daga ƙofa ya tofar da busasshen ganye. Wani ƙadangare ya fito a guje. Ruwa ja ya biyo baya, siriri da farko, sannan ya yi kaurin hannu. Na kusa da shi ya karɓa, sai na gaba, har layin ya ɗauka gaba ɗaya, ban da waɗanda suka toshe. Jim kaɗan ruwan ya washe ya zama fari tas.

"To, ga kibiyoyinki nan, Malama," in ji Ba-Birki.

Ba ta ji shi ba. Ta riga ta cusa littafinta cikin jaka ta fita cikin ruwan. Ta lura ruwan ba watsewa yake ba, wata 'yar kwata ce a gindin ganuwar, wadda ciyawa ta rufe, take tattara shi. Ta bi ta, Magini na ɗingishi a bayanta. Kwatar ta zagaya bayan rumbuna, ta shige ƙarƙashin wani falalen dutse, ta ɓullo a bakin tafki, ruwa na zuba ciki da ƙara. Malama ta tsaya jiƙe sharkaf, gilashinta a hannu. Ta ce shekara tara baƙi suna tambayarta yadda tafki ke cika a kan dutse, tana ce musu ruwan sama ne ke faɗawa ciki, ita kanta ta san bai isa ya shayar da gari wata bakwai ba.

Ran zaman kwamiti Magini ya sa rigarsa mai kyau ya je da takardar simintinsa. Ya ce musu laifinsa ne. Ba siminti ba ne, ba rodi ba ne. Tudun yana shan ruwa ya yi nauyi, shi kuma ya toshe wa ruwan kowace hanya, har da fulasta mai sulɓi, kuma duk ƙarfin da ya ƙara wa katangar ƙara tare ruwan ya yi. Wani dattijo a kwamitin ya ce yanzu a wannan zamani za a koma ginin mutanen da? Magini ya ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma shi ba labari aka ba shi ba, da idonsa ya gani. Sista ta karɓi takardar ta juya ta, ta ce wato kamar ƙurji ne, in ba a ba mugunya hanya ba sai ta nemi tata. Ta ba da shawara a bar shi ya yi ƙafa ashirin kawai, a bayan ɗakin ajiya inda ba mai kwana, a ga abin da sauran damina za ta yi da ita. Da ƙyar aka amince.

Leburorinsa sun yi gunaguni, don tantance dutse da tsakuwa ya fi jera bulo wahala nesa ba kusa ba. Ya jingina katangar da tudu, ya jera tsakuwa a bayanta, ya bar rariya kowane taki uku, ya haƙa kwata ta kai ruwan babban lambatu. Ruwa huɗu masu ƙarfi aka yi kafin damina ta janye, kowanne yana can da laimarsa. Katangar ba ta motsa ba, sai kusurwa ɗaya da ya yi gaggawa a kanta ta ɗan zauna, ya warware ta da hannunsa ya sake. Kwamiti ya ba shi sauran ƙafa sittin ɗin ba tare da dogon zance ba.

Yana tsakiyar wannan aiki Malama ta kira shi a waya. Ta ce ofishinsu zai gyara ganuwa ta uku, kuma ɗan kwangilar da aka kawo ya ce zai cike duk wani rami da siminti ya shafe fuskar ginin don ya yi kyan hoto. Ta yi bayani ba a saurare ta ba, an ce ita tarihi ta karanta, ba gini ba. Tana so ya zo ya yi magana.

Magini bai taɓa zama a ɗaki mai dogon teburi da lasifika ba. Da aka ba shi dama sai ya fara da nasa: ya ce shi ne mutumin da katangarsa ta faɗi sau biyu a bayan asibiti, ya faɗa musu yadda aka yi. Ɗan kwangilar ya yi murmushi ya tambayi takardar shaidarsa. Magini ya ce ba shi da ita, amma in an toshe ramukan nan, a rubuta ranar, a zo a duba bayan damina uku. Shugaban zaman ya ce a dakatar da batun siminti sai an turo injiniya ya duba. Kafin nan, tunda ga wanda ya san ramukan, a ba shi izini ya buɗe waɗanda suka toshe.

Ya gama katangar asibiti ran Alhamis. Ran Asabar da safe ya hau dutsen da guntun rodi da tsintsiya da ƙaramin cebur. Shi da Malama suka zagaya suka ƙirga ramuka ɗari biyu da goma sha ɗaya, sittin da uku a toshe, tana sa wa kowanne lamba a littafinta. Ya shimfiɗa buhu a gaban na farko ya durƙusa a kan gwiwa mai lafiyar, ya zura rodin a hankali don kada ya kankare dutse. Saiwa ce ta cike shi, mai kaurin babban yatsa. Sai da ya kai kusan awa guda kafin ya zaro ta, ya jefar gefe, ya ja buhunsa zuwa na biyu.